Benci Ɗaya da Suruki

Ku da kuke shigowa shagona ku zura wa kwamfuta ƙwallo bakwai, sannan ku juyo kuna hura hanci ku ce, "Koci, ni fa na gama iyawa, a sa ni a gasa," da ku nake. Ni Hamisu, shekara ashirin da 'yan kai ina riƙe da gidan gem a Ikara, kuma babu abin da yake tayar mini da hawan jini kamar in ji an ce wannan sana'ar wasa ce. Wasa ne mana, ga wanda ya buga ya karkaɗe wando ya tafi. Amma ga mai shirya mutum ya je ya kara da mutum ɗan'uwansa a gaban jama'a, aiki ne har da ciwon baya.

Kwamfuta baiwar Allah ce. Ba ta tsaki, ba ta zungurinka da gwiwar hannu, ba ta cin ɗanyar albasa ta zo ta zauna kusa da kai. In ka zura mata goma ba za ta ce fad ɗin da take dannawa ne ya lalace ba. Mutum kuwa yana da baki, yana da gumi, yana da dangi. Duk wanda ya yi atisaye da kwamfuta kaɗai ya tafi gasa, kuka zai dawo yana yi, na sha gani.

Aikin farko da maigidana Ɗanjuma ya ba ni a Makarfi, inda na koyi sana'ar, shi ne in zauna a ƙarƙashin talabijin in juya mata baya. Kowa na kallon ƙwallo, ni ina kallon masu bugawa. Wata biyu cur ina haka, zafin talabijin yana gasa mini ƙeya. Da na gaji na ce, "Oga, ni fa gem na zo koya."

Ya ce, "Gem yana cikin akwati, ko akuya ka zaunar za ta iya. Kai mutum za ka koya. Koma ka zauna."

Na koma ina ƙunƙuni. A hankali na fara gani. Wani sai ya ciji harshe kafin ya buga raga. Wani in zai yanke ka ta hagu sai kafaɗarsa ta riga shi tafiya. Wani in ya tsorata sai ya fara yabon abokin karawarsa. Akwai wani tela da ba ya iya bugun fenariti sai ya ɗaga ƙafa ɗaya sama, kuma ƙafar da ya ɗaga can ƙwallon za ta. Ranar da Ɗanjuma ya miƙo mini fad, na san rabin mutanen garin fiye da yadda matansu suka san su.

Gyaran fad shi ne aiki na biyu, kuma har yau ban huta da shi ba. Fad shi ne abin da kuke riƙewa ku danna, ku kuma jefar in an doke ku, kamar ubanku ne ya saya. 'Yar sandar jikinsa da ake juya ɗan wasa da ita takan goge ta yi santsi, sai in yanko robar tayar keke in ɗaura mata. Maɓallin gudu shi ne yake fara mutuwa, domin Bahaushe bai yarda da tafiya a hankali a fili ba. Ina da ƙaramin sukundireba, da tsohon buroshin haƙori na kwashe gishirin gumi da garin ƙuli-ƙuli daga ciki, da gwangwanin hoda ga masu jiƙaƙƙen hannu. Sai benci. Kada ku raina benci. Nawa na gyara masa ƙafa sau huɗu, domin akwai masu bugawa da ɗuwawu fiye da yatsu.

Amma ainihin sana'ata, wadda ba a rubuta a jikin allon shago ba, ita ce kwaikwayo. In ɗan wasana zai kara da wani, sai in je garin wancan in zauna kamar baƙo mai jiran mota, in kalle shi kwana biyu, in dawo in zama shi. Na taɓa zama wani mutumin Gazara mai girgiza benci da ƙafa tun daga busa har tashi. Sati guda ina girgiza benci, har ɗan wasana ya saba bugawa yana rawa. Ya je ya lallasa mutumin, ni kuma ƙafata ta ƙi daina rawa har a wurin cin tuwo, iyalina ta ce a nemo mini magani.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda injin gem ɗina ya tsufa. Da bazara zafi ya yi zafi, sai ya riƙa ɗaukewa a tsakiyar wasa, kuma ba ya ɗaukewa sai mutum ya fuskanci gola. Na ɗora shi a kan bulo, na sa masa fanka shi kaɗai ni ina gumi, na jiƙa buhu na shimfiɗa a ƙarƙashinsa, har bakin randa na kai shi ya sha sanyi. Mai gyara a Zariya ya buɗe ya duba ya ce, "Malam, wannan sai addu'a." Masu zuwa suka fara janyewa, kowa ya koma latsa wayarsa a gindin bishiya. Wata rana daga safe har la'asar kaza ce kawai ta shigo shagon. Na san in ban sami sabon inji ba kafin ƙarshen shekara, sai dai in rufe in koma ɗaurin tumatur a kwando.

A shekarar ne masu gidajen gem na Ikara da Makarfi da Kudan muka haɗa gasa bayan kaka. Kowane shago ya ba da sunan mutum ɗaya, babu canji, kuma shagon da ɗan wasansa ya yi nasara shi zai ɗauki sabon inji a kwalinsa. Ni na ba da sunan Sabitu, wani mai walda ɗan shekara ashirin da biyar, wanda ban taɓa ganin yatsu irin nasa ba. Ga sanyin kai, ga ladabi, in ya zura maka ƙwallo har haƙuri yake ba ka da ido. Ya share kowa a zagayen farko. Aka sa wasan ƙarshe bayan mako uku a Makarfi, aka ce zai kara da zakaran Kudan.

Zakaran Kudan kuwa shi ne Alhaji Mudi mai rake, na Likoro. Dattijo ne ya haura hamsin, dillalin rake, ya fara gem tun zamanin da 'yan wasan cikin talabijin ba su da fuska, kuma bai daina ba ko da ya yi furfura. Duk wannan ba matsala ba ce. Matsalar ita ce 'yarsa ta fari, Hadiza, ita ce matar Sabitu.

Da aka faɗi sunan, Sabitu ya zo shago ya tsaya a bakin ƙofa kamar an aiko shi da saƙon mutuwa. Ya ce, "Koci, a cire sunana."

Na ce, "Ba a canji."

"To a ce ba ni da lafiya."

"Jiya ka ɗaga ƙofar ƙarfe kai kaɗai a gaban mutane."

Ya ce, "Koci, Baba ne fa. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. In na hango shi a hanya sauka nake daga mashin. Yaya za a yi in zauna benci ɗaya da shi, kafaɗa na gogar kafaɗa?"

Gaskiyarsa ce, domin dokar gasar fad mai waya ake amfani da shi, don kada wani ya ce caji ne ya ƙare masa, wayar kuwa ba ta kai taku uku ba. Na tambaye shi me Hadiza ta ce. Ya ce, "Cewa ta yi in na raga wa Baba ta raina ni, in na doke shi kuma kada in yi mata magana." Na ce to ka ga ita ta raba gardama, ko ta ina ka bi ka shiga uku, gara ka shiga da inji a hannu.

Tafiyata Likoro ita ce leƙen asiri mafi wuya da na taɓa yi. Na sayi rake har sanda huɗu don in sami dalilin zama, na sha har muƙamuƙina ya yi tsami. Alhaji Mudi yakan shiga gidan gem na garinsu bayan la'asar, a share masa benci. Ba ya gudu da ƙwallo. Fasin yake yi gajere-gajere, a natse, har ranka ya ɓaci ka fito ka bar gida a buɗe. Kafin ya kai hari sai ya yi gyaran murya sau biyu. Yana sa babbar riga ruwan toka, ya naɗe hannunta a kafaɗa, ga carbi a wuyan hannu, ga wani turare mai ƙarfi da ke riga shi shiga ɗaki. Na dawo na ari riga, na sayi irin turaren, na tsaya gaban madubi ina gyaran murya har maƙwabcina ya aiko mini da citta.

Ranar atisayen farko na sa Sabitu ya zauna da fad, na fita, na shigo da sallama cikin muryar Alhaji. Wallahi yaron nan ya san ni ne. Shi ya riƙe mini rigar ma na sa. Amma da ƙamshin turaren ya buge shi, sai ya saki fad, ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa yana, "Baba, barka da yamma, an zo lafiya, ya mutan gida, ya kasuwa?"

Na ce, "Kai, ni ne fa, Hamisu!"

Ya ce, "Na sani, Baba."

Muka gwada ya buga a tsugune, tunda benci ya gagara. Kafin hutun rabin lokaci ƙafafunsa suka mutu, ga shi kansa a sunkuye ba ya ganin saman talabijin, duk ƙwallon da ta tashi sama sai dai ya ji labarinta. Na aika a tambayi alƙalin gasar ko za a yarda a rataya labule a tsakaninsu. Ya aiko cewa gasa ce ba ɗakin amarya ba. Sai muka koma lallashi. Kwana huɗu kafin ya ɗora rabin ɗuwawu a ƙarshen bencin, sauran rabin yana lilo a iska.

Da zama ya samu sai wata ta ɓullo. Zai yanke 'yan bayana duka, ya zo shi da gola, sai ya juya ya mayar da ƙwallo gida. Ran nan ƙwallo ta kuɓuce masa ta shiga raga, sai ya ce, "Tuba nake, Baba, ba da gangan ba ne." Na cire hula na buga da ƙasa. Ga inji can yana tari a kan bulo, ga wanda zai cece ni yana neman gafara don ya ci ƙwallo.

A nan ne na yi dabarar da na ɗauka ta fi kowace dabara a tarihin sana'ata. Na ce kunya a baki take zaune, in aka fasa bakin hannu zai sake. Na kafa masa doka: duk ƙwallon da ya zura mini, sai ya miƙe tsaye ya nuna ni da yatsa ya ce, "Tashi, tsoho! Je ka sayar da rake!" In bai faɗa ba, ban ƙirga ƙwallon ba.

Ya ce, "A'uzu billahi. Koci, kana so in shiga wuta?"

Na ce, "Ni kake faɗa wa, ba shi ba. A can ba za ka ce komai ba. Magani ne, ana sha a gida ne a tafi da lafiya."

Ranar farko motsa leɓe kawai ya yi. Rana ta uku na ji "tsoho" can ƙasa-ƙasa. A mako na biyu ya fara miƙewa. Kafin mako na uku ya ƙare, yana zabura ya daka tsalle ya kwarara ta har mai shayin tsallaken titi yana amsawa da "Je ka sayar!" Hannunsa kuwa ya sake sarai. Ina cikin riga da turare ina gyaran murya, yana zura mini biyar, shida, ko gezau. A ƙirgena ya faɗi maganar nan ta fi sau ɗari biyu. Ina ta murna, ban tsaya na tambayi kaina inda duk wannan yake taruwa ba.

Ranar wasan, bayan la'asar, aka kafa rumfa a Makarfi kusa da kasuwa, aka ɗora talabijin a kan tebur, ga sabon inji a kwalinsa a gefe an ɗaura masa kirtani. Mutanen Kudan sun zo mota biyu, namu sun zo a mashina. Alhaji Mudi ya iso, turarensa a gaba. Sabitu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo har alƙali ya duba agogo. Alhaji ya amsa yana kallon wani wuri daban. Sai a lokacin na lura ashe shi ma kunyar ce ke cinsa. Ya zauna a wancan ƙarshen bencin, Sabitu a wannan, wayoyin fad sun miƙe kamar igiyar shanya, tsakaninsu fili wanda mutum uku za su zauna.

Aka busa. Jama'a, dattijon nan ya iya. Abin da na kwaikwaya inuwarsa ce kawai. Ya riƙe ƙwallo ya hana Sabitu taɓawa, ya yi gyaran murya sau biyu ya buga ta daki ƙarfe. Ni ina tsaye a baya ina kallo. Amma Sabitu bai rikice ba, ya ji gyaran muryar ya tare hanya, ya ji turaren bai saki fad ba. Aka je hutu babu ci. Aka dawo, babu ci. Agogon wasa ya kai minti tamanin da takwas, kowa ya fara maganar fenariti.

Sai Alhaji ya yi fasin ɗaya da ya gaza. Sabitu ya tsinke da ita, ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, gola ya fito, ya ɗaga masa ita ta sama. Ta faɗa raga a hankali.

Na buɗe baki zan yi ihu, sai na ga Sabitu ya zabura. Na ga ya daka tsalle. Na ga yatsa ya miƙe. Na san abin da ke tafe, amma tsakanina da shi akwai mutum goma.

"Tashi, tsoho! Je ka sayar da rake!"

Rumfar ta yi tsit, sai ƙarar janareto. Wani mai sayar da ruwa ya saki baho. Sabitu yana tsaye da yatsa a miƙe, saitin hancin surukinsa, ina kallon fuskarsa lokacin da maganar ta dawo ta shiga kunnensa. Ya dubi yatsan, ya ce, "Inna lillahi." Ya saki fad, ya keta jama'a ƙafa ba takalmi, ya bi ta layin masu hatsi. Tun da nake ban taɓa ganin mai walda ya yi gudu haka ba.

Ga fad a ƙasa, ga sauran lokaci, ga ƙwallo a tsakiyar fili, Alhaji ne zai take ta. Na roƙi alƙali a tsayar da wasa, ya ce doka ta ce mai fad kaɗai ke tsayarwa. Mutanen Kudan suka farfaɗo suna ihu, "Alhaji, buga! Gida a buɗe yake! Rama, mu je fenariti!" In aka je fenariti kuwa babu mai buga mana. Na dubi kwalin injin nan, na fara tunanin kwandunan tumatur.

Alhaji Mudi ya danna sau ɗaya, aka ci gaba da wasa. Sai ya sunkuya ya ajiye fad ɗinsa a ƙasa kusa da na Sabitu, ya harɗe hannu. Mutanensa suna ta kururuwa, bai ko juya ba. Ya ce, "Ni ba na wasa da wanda ba ya nan." Muna kallo agogo ya cinye sauran lokacin, aka busa tashi, ɗaya da nema.

Babu wanda ya yi tafi. Alhaji ya miƙe, ya sauke hannun rigarsa, ya ɗauki takalman Sabitu, ya ce, "Yaron nan ba halinsa ba ne. Wa ya koya masa?"

Mutanen Ikara, waɗanda na yi shekaru ina gyara wa fad, suka juyo gaba ɗaya suka nuna ni. Dama an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Alhaji ya yafuto ni zuwa bayan rumfa. Ni da na yi mako uku ina hana mutum tsugunawa, ban san lokacin da na zube ba.

Na ce, "Alhaji, laifina ne. Inji nake nema, shago zai mutu. Shi wallahi har kuka ya kusa yi kafin ya iya faɗa."

Ya ce, "Sau nawa ya faɗa?"

"Ya ɗan faɗa, Alhaji."

"Sau nawa?"

"Ya fi ɗari biyu."

Sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Ya juya baya ya toshe baki da hannun riga don kada mutanensa su ji, ya yi dariya har da share hawaye. Da ya natsu ya ce, "Shekara biyu yaron nan yana zuwa gaishe ni, ƙeyarsa kawai na sani. Har na fara tunanin na ba bebe 'ya. Ashe yana da murya."

Ya miƙo mini takalman. "Je ka ɗauki injinka, ka ci halak. Shi kuma ka nemo shi kafin ya kai Kano. Ka ce ya zo gida ranar Juma'a kamar yadda ya saba, ni ban ji komai ba, janareto ya cika ƙara."

Na karɓa, na yi godiya, na miƙe zan tafi. Ya sake kirana, ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Ƙwallon nan da ya ɗaga wa gola. Ka gaya masa ta yi kyau ƙwarai." Ya gyara hularsa. "Amma ka ce kai ka faɗa."